Jigon da ke cikin kai

Zamanin soja ne, shekarun da anka ce ƙasa ta samu mai, motoci sunka cika Ƙofar Rini har jaki bai da wurin ratsewa. Mai gidana kuwa bai canza komai ba. Lambun albasa gare shi a fadama, da jigo shike ban ruwa, guga ta nutsa, guga ta taso, tun safe har rana ta take.

Wata Laraba da hantsi anka kawo min shi kan amalanke. Ya faɗi bakin rijiya, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Na yi abin da na ga uwata ta yi wa ubana. Na aika anka kira wanzami, ya kafa ƙaho a ƙeya, ya ja baƙin jini cikin kasko. Da na ga baƙin nan sai hankalina ya kwanta, na ce cutar ce ta fito. Kwana ukku muna haka.

Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce, Kirista daga kudancin Zariya, ta tafi ganin gida. Ran da ta dawo ta leƙo gaisuwa, ta ɗaga fatar idonsa, ba ta ko zauna ba ta fita neman mota.

A asibiti likita ya yi magana mai tsawo da Turanci, ita ta juya min. Ta ce jijiyoyin jinin da ke cikin kai ba kamar na sauran jiki ba ne, bango gare su wanda ba ya yoyo. Ta ce cikin bangon akwai wasu abubuwa ƙanana da ido bai gani, kamar jigon mai gidana, su ke auna gishiri da ruwan da za su ƙetara. Kuma an kafa su ne ta gefen da ke duban ƙwaƙwalwa. Da jini ya toshe, awon ya lalace, ruwa ya taru, ƙwaƙwalwa ta kumbura cikin ƙashin da ba ya buɗewa.

Na tambaya ko ƙahon ya rage ko kaɗan.

Ta ce, "Inna, ƙaho fata ya sani. Abin shina can ciki, bayan bango."

Ni da na yi shekara talatin ina kai abinci fadama, na san abin da ruwa ke yi wa albasa in ya kwanta mata. Ba ta mutuwa nan take. Ganye na kore, kan da ke ƙasa kuwa ya riga ya ruɓe.

Kwana shidda ya yi kan gadon ƙarfe. Hannun hagu kaɗai ke motsi, shina tashi shina sauka, kamar mai jan igiya. Rana ta bakwai ya daina.

Bayan sadakar ukku na tare maƙwabciyata a zaure. Na ce ta gaya min tsakaninta da Allah, da na kawo shi ran Laraba, da ya tashi?

Sai ta ce min:

"Ban sani ba, Inna. Likitan ma bai sani ba."

Da ta ce i, da na yi kuka na gama. Da ta ce a'a, da na huta. Ta bar garin tun da daɗewa, lambun ma anka yi gidaje bisansa. Jikokina sun yi karatu mai zurfi, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Kowa amsar maƙwabciyar nan ya ba ni.