Ragowar Noti

Injiniya bai taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba. Mahaifinsu ne ya laƙaba masa sunan don takaici, ranar da ya kwance rediyon gidan yana ɗan shekara tara. Ya mayar da komai, rediyo ta yi gum har abada, noti uku suka yi saura a kan tabarma. Baba ya tsince su ya zuba a gwangwanin madara. Fanka ta biyo baya, sai dutsen guga, sai keken ɗinkin Inna, kowanne ya bar gudummawarsa a gwangwanin. Gogan naka kuwa ya rungumi sunan kamar lambar yabo. Yau shekararsa arba'in, da furfura a gemu, takardu yake bugawa a wani ɗan shago kusa da kotu, amma da sunan nan yake amsa waya.

Yayarsa mai kiwon kaji ta fi kowa sanin halinsa. Da Baba ya rasu, motarsa ce ta faɗo a rabonta, gwangwanin kuma ta ɗauka ta ajiye bisa kabad. Tsohuwar mota ce ruwan toka, ba ta gudu, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Kowace safiya Yaya takan loda kiret ashirin na ƙwai ta zaga shaguna. Da motar take ci, kuma har lokacin ƙanshin turaren Baba bai gama barin kujerar direba ba.

Tsautsayi ya sa ta gurɗe a ƙafa, dole ta miƙa wa ƙanin nata makulli na mako guda. Kwana ɗaya kacal ya yi da motar ya shigo yana girgiza kai.

"Yaya, motar nan a shaƙe take. Kin taɓa ganin mutum ya yi gudu da tsumma a hanci?"

"Ƙwai nake ɗauka, ba tsere nake ba. Ka kai, ka dawo, ka ajiye mini makullina."

Ina! Ai ya riga ya kalli bidiyo uku a waya, ya zama gwani. Washegari ya ɓalle akwatin da ke tace iska ya jefar, ya samo fayif ɗin ruwa irin na banɗaki ya haɗa da injin, ya zuro bakinsa can ƙasan bamba, wai a nan iska ta fi sanyi. Bai tsaya nan ba, ya sa zarto ya yanke tukunyar salansa mai rage ƙara. Da ya tayar, kaji ɗari bakwai suka haɗu a lungu guda, maƙwabta suka rufe tagogi. Gudun dai yana nan yadda yake, ƙara ce kawai ta ninka.

Yaya ta ɗingiso waje. Ta zura kanta cikin motar, ba ta ji komai ba sai warin hayaƙi. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin.

"Mayar mini da ita yadda Baba ya bar ta."

"Gobe, Yaya. Ki dai bari ki ga aiki."

Da yammar nan aka tafka ruwan sama. Akwai wani kwari a mararraba inda ruwa ke taruwa ya kai rabin taya, wanda motar ta yi shekara ashirin tana ratsawa ba ko tari. Da safe Injiniya ya doso shi da kiret ashirin a baya, ya ga mutane na kallo, ya take totur don a san ya iso. Fayif ya zuƙi ruwa ya ƙoshi. Aka ji ƙwas, mota ta tsaya cak a tsakiyar kududdufi.

Da aka jawo ta gida, tsohon bakaniken Baba ya zo, ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallon fayif ɗin.

"Wa ya koya wa mota shan ruwa da bututu?" Ya juya ga Yaya. "'Yata, sai haƙuri. Ƙarfen ciki ya lanƙwashe ya huda injin. Irinsa kuwa an daina kawowa tun tuni."

Ko kunya ba ta kama Injiniya ba. Cewa ya yi tsarin nasa daidai yake, ruwan ne ya zo ba a kan lokaci ba.

Ranar da masu sayen tsohon ƙarfe suka ja motar, Yaya ta tsaya a ƙofar gida da sandarta har suka sha kwana, hawaye na zuba. Sai ga Injiniya ya matso yana laluben aljihu, ya buɗe tafin hannu. Noti huɗu.

"Waɗannan ne suka yi saura, Yaya. Ko za su yi amfani?"

Ta shiga ɗaki ta sauko da gwangwanin. Ta karɓi notin ta zuba, ta jefa makullin motar a kai, ta danne murfi ta danƙa masa.

"Riƙe, ga gadonka nan. Nawa ka riga ka gama da shi."