Kwalbar da Na Binne a Tudun Fulani

'Yata Muniratu ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Sana'arta ɗaura wa amare gwaggwaro: da safe tana Shango, kafin la'asar tana Bosso, allurai a baki, tana yi wa amarya faɗa ta daina motsi.

A 2005 aka yi mata tiyatar maƙoƙo a nan Minna. Da aka gama, nas ta miƙo mini kwalba, abin da aka cire yana ciki, ta ce a kai Zariya a gwada. Mako biyu Muniratu ta miƙe, ta koma gidajen biki. Yayana Ndako ya ga kwalbar a kan kabad, ya ce, "Yisa, naman mutum ne wannan. Binne shi ake yi, ba a yawo da shi a mota."

Ina da digiri, shekara ashirin ina koyarwa. Na haƙa rami a bayan gidanmu a Tudun Fulani na binne.

Bayan shekara shida, Magdalina mai yi mata kitso ta taɓa wani kumburi a bayan kanta, mai laushi, ba ya ciwo. Muniratu ta ce, "Ƙarin ƙwaƙwalwa ne, ke dai yi kitsonki." Ta rufe shi da ɗauri. Wata bakwai ban gani ba, ita ce gwanar ɗauri.

Da ya kai girman lemo muka shiga yawon asibiti. Wani ya ce kitse ne, wani ya ce ƙurji. A Zariya aka ɗauki hoton kai, aka ga ƙashin ya cinye a wurin. Aka tsaga, aka ɗebi kaɗan aka gwada. Mako uku ina zuwa tambaya, ina komawa.

Likita ya ce ciwon daji ne, daga maƙoƙon ya taso, ya bi jini ya kama ƙoƙon kai. Ya dubi tabon wuyanta.

"Baba, ina sakamakon gwajin farko?"

"Ba a yi ba."

"Kwalbar ɓacewa ta yi?"

"A'a. Na san inda take."

Na tambaye shi ko da an gwada da an gane. Ya ce da alama, kuma da an bi ta da magani tun lokacin.

A mota Muniratu ta ce, "Baba, da ni aka ba wa, da a gidan biki zan manta ta. Kai ka ma yi mata sutura."

Ta rasu a Fabrairun 2013, tana da shekara talatin da huɗu. Bara aka yi wa filin bayan gidanmu siminti. Na hana a rufe wurin. Ban san me nake jira ba.