Akwatin da Umma ta ɓoye a buhun gero

Ranar wata Alhamis bayan Babbar Salla, ina 'yar shekara tara, Umma ta aike ni ɗakin ajiya in ɗebo gero za ta dama kunu. Geron tsarabar ƙanwarta ce da ta zo aikin hajji daga Damagaram, shi ya sa ake tattalinsa kamar magani. Na cusa kwano cikin buhu sai na ji ƙwas, ya daki wani abu. Na tona, na zaro wani ɗan akwati ruwan lemo naɗe cikin leda, da baƙar kibiya zane a jikinsa. Nan take na gane shi, domin duk gidanmu na unguwar Ranuna a Madina babu wanda bai san abin da Yaya Haruna yake nema ba. Ina waiwayowa na ga Umma a bakin ƙofa. "Mayar da shi," in ji ta, "kuma ba ki ga komai ba."

Yaya Haruna shi ne babbanmu. Makanike ne, amma jirgin sama ya shiga ransa tun yana yaro. Shekara da shekaru yana sayo sassan wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu, yana haɗawa a rumfar gonar dabinon Kawu Sale, can wajen Ƙuba. A gonar nan muka tashi. Mu tsinci dabinon da ya zubo, mu ciro na'ana'a a bakin kwatar ruwa, mu yi ɓuya a bayan fukafukan da ya jingine, shi kuma ya biyo mu da sifana yana masifa da Larabci. Hausa yana jin ta sarai, ɗan nema, amma ko da Umma yake magana Larabci yake mayar mata. Ita kuwa ba ta taɓa kiran abin jirgi ba. "Gwangwanin Haruna" take cewa tana dariya, don ta ɗauka ba zai taɓa gamawa ba.

Sai ga shi ya gama. Abu ɗaya ya rage: masu duba jirage sun ce ba zai tashi ba sai ya ɗaura na'urar da ke aika sigina idan jirgi ya faɗi, don masu ceto su san inda za su nufa. Ya yi odarta daga waje, aka kawo yana wurin aiki, Umma ta karɓa. Kullum ya dawo sai ya hau waya yana faɗa da masu kawo kaya, ni kuma ina gefe ina ji, alhali na san inda take. In na faɗa, Yaya zai tashi sama a gwangwani, ƙarƙashinsa baƙaƙen duwatsun nan da suka kewaye Madina, masu yanka takalmi balle mutum. In na yi shiru, ina kallo yana ramewa, yana zargin bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Wallahi na tsani kunu a lokacin, na kuma ji haushinsu su duka biyun.

Wata safiya ya dire kofin shayi ya ce khalas, shi ke nan, zai yi odar wata, kuma jirgin zai kwashe ya koma Jidda da zama, tunda a nan komai ɓata yake yi. Umma ta tashi, ta dawo da akwatin, gero yana zuba daga ledar, ta ajiye a gabansa. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Ta ce sai a gabanta za a ɗaura, muka ɗunguma gona. Ya buɗe wani murfi a bayan kujera, ya shige har ƙugu cikin wutsiyar jirgin. Ya lalubo ƙarfen da ya fi kauri, ya huda, ya ɗaure akwatin da noti, kibiyar tana kallon hancin jirgi. Ya ja waya ɗaya zuwa wata siririyar eriya a sama, ɗaya kuma zuwa maɓalli a gaban matuƙi. Umma ta tambaye shi me ya sa sai can baya. Ya yi ta kame-kame, sannan ya amsa a hankali, da Hausa: "Umma, in an faɗi, wutsiya ce ta fi tsira." Ta ce to me abin yake yi don hana faɗuwar? Ya ce ba ya yin komai. Ta zura hannu ta taɓa akwatin. "Ƙara matse shi," in ji ta. "In Allah ya ƙaddara, ina so a samo min kai a kai ka maƙabartar Baƙi'a, kada duwatsu su riƙe min kai." Na tsuguna bayan wata bishiyar dabino na yi ta kuka, ba wanda ya lura, ba kuma abin da zan iya yi.

Yau gonar Kawu ta zama benaye. Ni ma na haifa, kuma a waya nake ganin inda 'ya'yana suke, ɗigo-ɗigo a kan taswira, amma ganin bai taɓa dawo min da ko ɗaya gida da wuri ba. Yaya ya yi furfura, har yanzu yana tashi, ya sha canza wa na'urar batir, ba ta taɓa kiran kowa ba. Umma kuwa duk ranar da ya tashi ba ta sa komai a bakinta sai ta ji sallamarsa a ƙofa, haka ta yi ta yi har ƙarfinta ya ƙare. Ina kewarta ƙwarai. Ta riga shi shiga Baƙi'a, kuma na san abin da ta yi ta roƙo ke nan.