Fatsar Sidu Bawa

Duk wanda ya taɓa raka kakana Sidu Bawa bakin bahar, wato teku, ya san ba ya jefa ƙugiya sai ya ɗanɗana ruwan. Zai tsuguna, ya ɗiba da tafin hannu, ya kurɓa, ya tofar, ya ce, "Tir! Har yanzu da gishiri." Kai ka ce alkawari aka yi masa za a gyara kafin ya dawo.

A bakin tafkin Chadi ya tashi, aikin hajji ya kawo shi, ya zauna a unguwar Nuzla ta Jidda har ya ga 'ya'yan jikoki. Amma bai taɓa yarda kifin Jidda ya bambanta da karfasa da giwan ruwan garinsu ba. Dokokinsa kuwa ko ni da ban yi nisa a madarasa ba na haddace su: lokacin zafi a fita da asuba, kifi ƙasa yake sauka neman sanyi, kada inuwarka ta faɗa ruwa, kuma a yi shiru. Masunta su ce, "Ya Ammi, sa jatan lande." Ya ce, "Tana! Kifin da ya raina tana ba shi da tarbiyya."

Tanar nan kiwonta yake yi a bokiti, ƙarƙashin inda mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ke ɗiga. Wata rana zafi ya yi zafi, ya tausaya musu, ya juye su a robar laban, kindirmon da yarinya ke sha, ya sa a tallaja, wato firij. Ni kuma na zaunar da 'yata Rahaf, na ɗauko cokali, na buɗe. Ihun da na yi, maƙwabciyarmu ta fito da tulun kashe gobara!

"Sidu, haram alaik! Saura kaɗan in ba yarinya!"

"To me ya hana ki? Kifi ma da ya fi ki wayo yana ci."

Kifi fa? Sau ɗaya na ga ya shigo da shi, hamur ƙato, yana tafe yana baza kafaɗa. Na taɓa, na ji kamar ƙanƙara.

"Sidu, kifin nan da sanyi."

"Ban ce miki ƙasa suke sauka ba? Can ƙasan akwai sanyi."

"Har cikinsa a gyare?"

"Kifin birni ne, Hajiya Tsoro. Yalla, ɗora mai."

Hajiya Tsoro, sunan da ya laƙaba mini ke nan, kuma ban da bakin musu. Ni ko a banɗaki ba na barin bokiti da ruwa. To sai ga Rahaf ta fara wayo, ta maƙale masa, kullum "Sidu, bahar!" Na ce wallahi 'yata ɗaya, ba za ta je ba. Ya ce, "A garin da rabinsa ruwa ne za ki rena yarinyar da ba ta san ruwa ba?" Babanta ya goyi bayansa. Na ce halas, amma ƙafata ƙafarta.

Ranar Juma'a bayan asuba muka je. Na ɗaure ƙugun yarinya da ɗankwali, na naɗe ɗaya bakin a hannuna kamar mai kai akuya kasuwa. Ta matsa in ce "Rahaf!", ta tsuguna in ce "Ya Sattar!" Sidu ya ce, "Baiwar Allah, kifin Sudan ma ya ji ki."

Can yarinya ta hango ƙaguwa ta zabura. Na zabura in kamo ta, na taka abayata a kan dutse mai santsi, sai tsundum! Na rufe ido, na kama kalmar shahada, ina ihu a riƙe mini 'yata, a gaya wa babanta na yafe masa. Sai na ji wata 'yar murya a kaina.

"Mama, miƙe tsaye mana."

Na miƙe. Ruwa iya gwiwa. Rahaf na kan dutse, ko takalminta bai jiƙe ba. Sidu ya miƙo mini gindin sandar fatsa, ya jawo ni yana dariya har da tari.

"Alhamdulillahi! Tun zuwana ƙasar nan, sai yau na kama giwan ruwa."

Daga ranar ya fara koya mata kwanciya a kan ruwa, hannunsa a ƙarƙashin bayanta, ni ina gefe ina cizon mayafi. Bai kai ga janye hannun ba ciwo ya kwantar da shi. Ina ba shi magani ya riƙe yatsuna ya ce, "Saura kaɗan ta iya. Ke za ki ƙarasa. Ki shiga, iya gwiwa ne."

Yanzu ni ke kai ta. Ina shiga da abayata, tafina a bayanta, tana cewa, "Mama, saki!" Har yau ban saki ba, amma jiya na rage yatsu biyu.

Allah ya jiƙan Sidu Bawa, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci. Ni kuma ya ba ni zuciyar da zan janye hannun nan.