Babban Yatsan Malam Idi

Shekara takwas ke nan da rasuwar maigidana, Malam Idi, amma har yau in na ji an buɗe rajistar jarrabawar kammala sakandare ta manya, dariya ce ke riga hawaye zuwa. Jama'a suna tuna shi da haƙuri da zumunci. Ni kuwa da babban yatsansa na dama nake tuna shi, don babu abin da ya taɓa tayar mana da hankali, ya kuma faranta mana rai, kamar wannan yatsa.

A wani kamfanin jima da ke Challawa yake aiki, a sashen da ake jiƙa fatu cikin ruwan sinadari don gashi ya zube. Tun yana aji uku na sakandare ya bar makaranta, da mahaifinsa ya rasu. Sai da furfura ta fara leƙo masa a gemu ya shigo wata rana ya ce zai zauna jarrabawar, yana son takardar da za ta ba shi damar koyon aikin inji ya fita daga ruwa. Na yi masa dariya son raina. Kafin sati ya zagayo kuwa na fi shi ɗoki, ni ce mai tashinsa ya tafi darasin yamma a Na'ibawa, ni ce mai tsare shi da tambayoyin da ni kaina ban san amsarsu ba.

Ranar rajista ya saka shaddarsa ta Juma'a, ya fesa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Da ya dawo ko sallamar kirki bai yi ba, ya zauna ya miƙo mini hannuwansa. Ashe sai an dangwala yatsa a na'ura kafin a karɓi mutum, kuma ranar jarrabawa ma sai an sake dangwalawa a ƙofa. Na'urar ta ƙi yatsunsa duka goma. Mai kwamfutar ya ce masa, "Baba, ai yatsunku babu zane ko ɗaya, ku dawo kafin a rufe in ya fito." Na kama hannun na duba, sumul kamar jikin kwalba. Sinadari ya cinye zanen tas, don safar hannun da ake ba su ba ta jimawa take yagewa.

Wani mai kemis a unguwarmu ya ce zanen yana dawowa, in dai hannu ya huta da ruwan. To, ina hutu ga mai iyali? In ya bar aiki mu rasa tuwo, in ya ci gaba ya rasa jarrabawa.

Allah ya saka wa Malam Hassan da alheri. Mutumin Damagaram ne, abokin aikinsa, yana rumfar shanya fatu, aikin da kowa ke so saboda babu jiƙa hannu. Shi ya same shi ya ce, "Malam Idi, ka koma rumfata, ni in shiga ruwanka. Yatsuna babu mai neman karanta su." Shugaban sashensu ya ce shi dai aiki ya sani, su shirya kansu.

Daga nan na karɓi mulkin hannun. Safe da yamma man kaɗanya. Na hana shi wanke babur, na hana shi wanki, ko rake zai sha ni ke fere masa. Alwala kaɗai na bar masa, ita ma ina tsaye. Matan gidanmu suka sa mu a gaba, wai Binta ta samu amarya tana gyarawa. Shi kuwa ya samu abin da yake so, har buta sai ya ce in ɗauko masa, wai yatsa na jinya.

Kullum da safe sai mu tsaya a bakin ƙofa inda haske yake, in shafa masa tawada ya danna a takarda. Da farko baƙin tabo kawai muke gani. Muna nan, ranar rufewa na ta matsowa, har na fara kasa cin abinci. Wata safiya na ɗaga takardar na ga wasu siraran layuka sun kewaye juna. Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba, maƙwabta suka fito suna tambaya wa ya haihu.

Babban yatsan dama kaɗai na'urar ta karɓa, amma ya isa. Muka ci gaba da lallaɓa shi har ranar jarrabawa, Malam Hassan kuma yana can cikin ruwa bai taɓa ƙorafi ba. Ranar na ce ƙafata ƙafarsa. Na tsaya a bakin get ina hango shi cikin layin yaran da ya haife su. Ya danna, ta ƙi. Ya goge a jikin riga, ta sake ƙi. Sai na ga ya hura wa yatsan iska, bakinsa na motsi, ya danna a hankali. Mai tsaron ƙofar ya matsa gefe. Malam ya juyo ya ɗaga mini yatsan sama, ni kuwa na rungume wata mai sayar da awara da ban taɓa gani ba.

Ya ci, lissafi ma ya tsallake da ƙyar. Na dafa shinkafa da wake tukunya guda aka kai wa 'yan sashensu. Ya yi kwas ɗinsa, aka mai da shi kan injin goge fata, aikin da babu ruwa a ciki.

Yau abubuwa sun canja. Kamfanoni da dama a Challawa da Sharada sun rufe, darasin da yake hawa babur ya nema yanzu yana cikin wayar kowa. Na san da zai ga haka sai ya cinye mana data, ya kuma yi faɗa da duk wanda ya ce masa ya tsufa da karatu. Rufewar kamfanonin ce kawai za ta dame shi.

Bai daɗe a kan injin ba wani saurayi a tsohon sashensu, Sani, ya ce shi ma zai zauna jarrabawar, na'ura kuma ta ƙi yatsunsa. Ba tare da shawara da ni ba Malam ya roƙi a sa Sani ɗaukar busassun fatu, shi ya koma ruwa na wasu watanni. Na yi fushi sosai, na ce duk wahalata ta tashi a banza ke nan. Ya dubi hannunsa ya yi murmushi ya ce, "Binta, ai nawa an riga an karanta."

Sani yanzu malamin firamare ne a Kumbotso, kuma an gaya mini har yau a sashen nan duk mai shirin jarrabawa sai wani ya karɓe shi ya fita daga ruwa. A asibiti, a kwanakinsa na ƙarshe, ina riƙe da hannunsa na ji yatsan ya koma sumul saboda shiga ruwa a madadin wasu, ban kuma ji haushi ba. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya karɓi sakamakonsa da wannan hannun na dama.