Auren Coci a Gindin Injin Niƙa

Jama'a, wallahi wannan abu a kaina ya faru, a shekarun farko na tasa'in, lokacin ina walda a wata rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Akwai wata tsohuwa a hanyar Madakiya, Mama Ladi, mijinta ya rasu ya bar mata injin niƙa, da shi take ci, da shi take riƙon jikoki. To, a lokacin ɓarayi sun addabi masu inji, sifana kawai suke zuwa da ita su kwance shi daga kan siminti su yi gaba.

Ta kira ni na je, na ce Mama, maganin abin shi ne in kashe notin da ke riƙe injin da walda, kan ya narke, sifana ba ta ƙara kama shi. Ta zaro ido ta ce, “Kashe? Ɗana, a gidan nan ko kaza sai Kirsimeti.” Muka yi dariya, ta zubo mini gwate, wato fate, cike da kwano.

Na ɗaure notin nan tamau, ina shirin kunna walda sai aka ɗauke wuta. Na ce gobe zan dawo. Allah ya yafe mini, ban koma ba. Aikin ƙofofi ya faɗo mini a cikin gari, kullum in ce gobe, ita kuwa baiwar Allah ta saki jiki, tana ganin ɗanta ba zai bar ta haka ba.

Wata Litinin da hantsi na ji a kasuwa cewa jiya, tana coci, an fasa rumfar injinta. Na hau keke ko kayan aiki ban ɗauka ba, ina tafe ina tunanin da wane ido zan kalle ta.

Daf da gidan, a ƙarƙashin mangwaro, na ci karo da wani dattijo da tsohon kakin ma'aikatan reluwe, guduma a kafaɗa. Na gaishe shi, ya amsa da murmushi, ya ce, “Mai walda, ka makara. Kar ka damu, na ɗaura musu auren coci.” Ban gane ba, hankalina ma ba ya wurin, na wuce.

Ina shiga, ga inji nan daram, ga sifanar ɓarayi a lanƙwashe a ƙasa. Na durƙusa na duba. Kowane noti an daddake bakin ƙarfen da ke cikinsa da guduma har ya baje ya rufe shi, aiki tsaf, wurin na ƙyalli kamar yanzu aka ɗaga hannu. Mama ta hau sa mini albarka. Na ce Mama, ba ni ba ne, na faɗa mata gaskiya, na kuma faɗi abin da dattijon ya ce.

Sai ta zauna a kan buhun masara. Can ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Ta ce, “Baban Ladi ne, marigayi mijina, da yake aikin reluwe. Shi ne yana faɗi haka. Noti da ƙarfe in ya buga su, wai auren coci ne, ba saki. Ka gan shi? Har yanzu bai iya zama wuri ɗaya.”

Na fita da gudu. Ba kowa a gindin mangwaron, maƙwabta kuma suka ce ba wanda ya taɓa jin bugun guduma. Na dawo, ita ko ta ƙara mini gwate, ta ce in ci, ai ya ce kar in damu.

Ban san abin da na gani ba, ba kuma zan yi muku ƙarya in ce na sani ba. Amma har yau in na ji ƙarar guduma da hantsi sai na waiga. Ku masu aikin hannu, in tsohuwa ta ba ku amanar abincinta, ku gama aikin a ranar. Ba kowace ce ke da mijin da zai taso ya ƙarasa muku ba.