Gaurakin da Ba Su da Tukku

Shekara shida na yi ina tuƙa motar wani sito a unguwar Sulay ta Riyad, ina kai buhunan taki gonakin da ke kudu da Riyad. A ɗaya daga cikinsu na fara ganin tsuntsayen, wata Talata cikin sanyi, bayan na sallame azahar a gefen mota.

Dogaye ne, masu launin toka. Da na ga tafiyarsu sai na ce gauraki ne, sai dai ba su da tukkun nan na gaurakin garinmu. Uku-uku suke kiwo, uwa da uba da ɗa, shi ɗan kansa jaja-jaja. In biyu sun sunkuya suna tonon ƙasa, ɗaya na tsaye yana duba hanya. Na yi tasbihi, na ɗauko ɗan littafin da nake ajiyewa a mota na rubuta abin da na gani da ajami.

Da na koma gida a unguwar Suwaidi na karanta wa matata. A gona ta tashi, ga shi tun zuwanta ƙasar nan ba ta taka ƙasa mai laima ba, daga ɗaki sai kanti sai masallaci. Ta tambaye ni kukansu, na kwaikwaya, ta yi dariya ta ce ko agwagwa ta fi ni murya. Sannan ta roƙe ni in kai ta.

Na ce in sha Allahu, kuma har zuciyata nake nufi. Amma a fadamar garinmu gauraka ba ya zuwa ko'ina, rani da damina yana nan, don haka ban ga abin gaggawa ba. Wannan Juma'a gajiya, waccan baƙi. Duk Talata dai ina kawo mata labari: yau ɗan ya matsa nesa da iyayen, yau uban ya kori wani kare. Ba ta sake roƙona ba.

Sai da zafi ya fara shigowa na ari ƙaramar mota muka tafi bayan sallar Juma'a. Mai gadin gonar, wani dattijo ɗan Sudan, ya buɗe mana ƙofa. Da na faɗa masa abin da ya kawo mu, ya nuna arewa da hannu. Ya ce ai matafiya ne, hunturu kawai suke yi a nan, shekaranjiya na ƙarshensu suka tashi.

Na kasa duban matata.

"Malam, a ina suke tsayawa?" ta tambaye ni.

Na nuna mata wurin, kusa da injin ban ruwa. Ta cire takalmi ta miƙo mini, ta shiga cikin gonar a hankali. Sawunsu na nan a taɓo, yatsu uku-uku. Ta durƙusa ta gwada tafin hannunta a kan ɗaya, ta bi su har gefen shuka. Ina tsaye riƙe da takalman har aka kira la'asar.